Matuƙan Kogin Kolorado

A arewacin jihar Arizona ta Amurka akwai wani mashigi da ake kira Lees Ferry, inda hanyar mota ke gangarowa har bakin Kogin Kolorado. Daga nan ake fara ƙidayar tafiya. Duk wanda ya tura jirginsa cikin ruwa a wurin ya kama hanyar kwazazzabon da duniya ta sani da suna Grand Canyon, kuma ba zai sake ganin hanyar mota da ta taɓo ruwa ba sai ya yi kimanin kilomita 360, a Diamond Creek. Kwazazzabon kansa tsawonsa kilomita 446 ne, zurfinsa kuwa a wurare da dama ya haura kilomita ɗaya da rabi. A tsakani akwai magangara sama da ɗari, wuraren da kogi ke matsewa tsakanin duwatsu, ya zubo da gudu, ya tashi fari fat da kumfa. Kowace shekara mutum sama da 20,000 ne ke kashe kuɗinsu, wasu ma bayan doguwar jira, don su bi ta cikin wannan ruwa a kwale-kwalen roba.

Na san abin da mai karatu zai fara cewa, domin duk wanda ya tashi kusa da babban kogi shi zai ce: wannan ai sayen ajali ne da kuɗinka. Masunci da mai fito ba sa shiga ruwan da ke tafasa sai dole ta kama. To amma masu ganganci, kogin nan ya gama da su tun da wuri. Abin da ya rage sana'a ce da aka ɗauki shekaru ana harhaɗawa, sana'ar sanin halin ruwa, kuma a ganina waɗanda suka gina ta ba su ne suka samu yawancin yabon ba.

Tun kafin a san wata ƙasa wai ita Amurka akwai mutane a wannan kwazazzabo. Hualapai da Havasupai suna gefen kudu, Paiute a arewa, Navajo da Hopi a gabas. Sukan sauka su yi noma a bakin ƙoramu, su ɗebo gishiri, su haura. Hopi suna da labarin wani saurayi mai suna Tiyo da ya shiga cikin rarakakken kututture aka toshe, ya bi kogin don ya ga inda ruwan ke zuwa. Amma ba su mai da kogin hanyar tafiya ba. Sun san tsallaka shi a inda ya kwanta, sun kuma san ƙyale shi a inda ya haukace.

Wanda tarihi ya rubuta cewa ya fara bin sa daga sama har ƙasa shi ne John Wesley Powell, malamin ilimin duwatsu, tsohon manjo a yaƙin basasar Amurka, wanda harsashi ya raba da hannunsa na dama a fagen Shiloh a 1862. Ranar 24 ga Mayu 1869 ya tashi daga garin Green River a Wayomin, shi da mutum tara, cikin jirage huɗu na katako da aka ƙera a Shikago aka kawo a jirgin ƙasa. A watan nan ne ma aka gama haɗa layin dogo tsakanin gabas da yammacin ƙasar. Sun ɗauki guzurin wata goma. A taswirar zamanin, yankin da za su shiga fili ne fari babu zane, ana kuma ta raɗe-raɗin cewa a wani wuri kogin yana shigewa ƙarƙashin ƙasa.

Jiragen nasu irin na tashar teku ne, masu nauyi, masu tsini a ƙasa, an yi su don su tsaga ruwa a miƙe da sauri. Matuƙi yakan zauna ya ba gaba baya yana jan filafili biyu, kamar yadda ake yi a kan tafki. Ke nan mutumin da ƙarfin jirgi ke hannunsa ba ya ganin dutsen da zai fasa shi. Powell ne ke jirgin gaba yana yi wa na baya nuni da tuta. Dabararsu ita ce su fi ruwa gudu, su ratsa magangara kafin ta cafke su. Ba su cika mako uku da tashi ba, a kwazazzabon Lodore, ɗaya daga jiragen ya daki dutse ya dare biyu. Mutum ukun da ke ciki sun sha da ƙyar, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin ya bi ruwa. Daga ranar, yawancin magangara masu tsanani ba a cikin jirgi suka wuce su ba. Sauke kaya suke yi, su yi ta jido a kafaɗa bisa duwatsu masu ƙuna, sannan su zura jirgin da igiya daga gaɓa.

Zuwa watan Agusta, lokacin da suka nutsa cikin Grand Canyon sosai, fulawarsu ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa har ta yi tsami, sai sun tankaɗe ta da gidan sauro kafin a yi burodi. Ranar 28 ga wata, a gaban wata magangara da suka rasa ta inda za su kewaye, mutum uku suka ce sun gaji da cacar: Oramel Howland da ƙanensa Seneca, da William Dunn. Suka haura dutse don su nemi gari da ƙafa. Ba a sake ganinsu ba. An ce 'yan ƙabilar Shivwits ne suka kashe su, daga baya wasu masu bincike suka karkata zargi ga fararen fata mazauna yankin, gawarsu dai ba a taɓa samu ba. Ɗaya ya riga ya bar tafiyar tun a Yuli, don haka shida suka rage. Suka shiga magangarar suka fita lafiya, bayan kwana biyu suka isa bakin Kogin Virgin, wahala ta ƙare.

Ba na raina Powell. Mutumin da ke hawan bangon dutse da hannu ɗaya, rataye da na'urar auna tsayin ƙasa, ba a ce masa matsoraci. Sai dai jure wa kogin ya yi, bai koye shi ba, kuma wanda ya bi sahunsa da irin tunaninsa ya biya da rai. A 1889 wani attajiri mai suna Frank Brown ya ƙudurta shimfiɗa layin dogo a bakin kogin, don kai kwal daga Kolorado zuwa Kalifoniya. Ya sayi jirage marasa kauri saboda sauƙin ɗauka, aka ba shi shawarar sayen rigunan ceto ya ƙi. A watan Yuli jirginsa ya kife a ƙasan magangarar Soap Creek, ya nutse. Bayan kwana biyar wasu biyu daga ayarinsa suka bi shi. Injiniyansa, Robert Stanton, ya fita da sauran da ƙafa, ya dawo da jirage masu ƙarfi da rigunan ceto ga kowa, ya kai har teku a 1890. Layin dogon kuwa ba a taɓa shimfiɗa shi ba.

Mutumin da nake son a riƙe sunansa shi ne Nathaniel Galloway. Mafarauci ne daga Vernal a jihar Yuta, mai ɗana tarko a bakin koguna yana sayar da fatu. Ba wanda ya aike shi binciken komai. Abincinsa ne ke bakin ruwa, kuma galibi shi kaɗai yake, saboda haka jirgin da mutum ɗaya ba zai iya sarrafawa ba bai da amfani a gare shi. Ya ƙera ƙaramin jirgi marar nauyi, mai shimfiɗaɗɗen ciki, goshi da baya a ɗage, wanda bugun filafili guda ke juya shi a inda yake. Sannan ya juya jirgin ya sa bayansa gaba, shi kuma ya zauna yana kallon inda ruwa ke kai shi. Idan ya ja filafili, sama yake ja, yana jayayya da kogin. Jirgin bai daina gangarawa ba, amma ruwan da ke ɗauke da shi ya fi shi sauri. Wannan ɗan bambancin gudu shi ne gishirin sana'ar. Wanda ya fi ruwa sauri ba ya da lokacin gyara. Wanda ruwa ya fi shi sauri yana da daƙiƙa biyu ko uku da zai karkata jirgin kaɗan, ya bar ƙarfin kogin da kansa ya tura shi gefe, ya wuce dutse ba tare da ya taɓa shi ba.

Da matuƙi ya fuskanci gaba, sai ruwa ya zama abin da ido ke iya karantawa. A bakin kowace magangara akwai wani santsin ruwa mai siffar harshe, shi ke nuna inda zurfi yake. Inda ruwa ya yi tozo sumul, dutse ne kwance a ƙarƙashi, a bayansa kuma akwai rami inda ruwan ke faɗawa ya dawo kan kansa, ya riƙe jirgi ya yi ta jujjuya shi. Manyan igiyoyin ruwa da ke tsaye a jere, duk da tsoron da suke bayarwa, ba kasafai suke kifar da wanda ya tunkare su kai tsaye ba, ta gefe suke kayar da mutum. A bayan kowane babban dutse ko lungu akwai ruwan da ke komawa sama, nan ne matuƙi ke shiga ya huta, ya kwashe ruwan da ya cika jirgi. Har gobe, kafin a shiga magangara irin Hance ko Lava Falls, matuƙa kan ɗaure jirage a gaɓa, su hau dutse su yi ta kallo, kowa yana zana hanyarsa a zuci, sannan su sauko su sake ɗaure kaya.

Galloway ya bi Grand Canyon da wannan dabara tsakanin 1896 da 1897 tare da William Richmond, suka fita a garin Needles. A 1896 ɗin ma wani mafarauci, George Flavell, ya ratsa shi yana fuskantar gaba, kusan duk magangara a cikin jirgi ya wuce ta. Ashe mutanen da ke cin abinci a ruwa, ba tare da sun haɗa baki ba, sun isa ga amsa ɗaya. A 1909 wani mai masana'antu daga Ohayo, Julius Stone, ya ɗauki Galloway ya ja masa gora daga Wayomin har Needles. Ba zinariya yake nema ba, ba taswira, ba layin dogo. So yake kawai ya ga wurin. Masana tarihin kogin daga wannan tafiya suke fara lissafin bin sa don nishaɗi.

Shekaru talatin da suka biyo baya na ɗaiɗaikun mutane ne. 'Yan'uwa biyu masu ɗaukar hoto, Ellsworth da Emery Kolb, sun bi kogin a 1911 zuwa 1912 da na'urar majigi, Emery kuma ya yi ta nuna fim ɗin ga baƙi a bakin kwazazzabon har rasuwarsa a 1976. A 1928 ango da amarya, Glen da Bessie Hyde, sun shiga da wani katafaren jirgin katako babu rigar ceto. An tsinci jirgin a tsaye, kaya a ciki cif, su kuwa har yau. A 1937 Buzz Holmstrom, mai sayar da fetur a wani ƙaramin gari a Oregon, ya ƙera jirgi da hannunsa ya bi kogin shi kaɗai tun daga Wayomin har madatsar Hoover. Da shekara ta zagayo ya dawo tare da Amos Burg, wanda ya zo da jirgin roba da ake hura wa iska, na farko da ya ratsa kwazazzabon.

A 1938 ɗin ne kuma abin ya zama kasuwanci. Norman Nevills, daga ƙauyen Mexican Hat a Yuta, ya ƙera faffaɗan jirage na falanki da ake tuƙawa bisa dabarar Galloway, ya ɗauki fasinja masu biya. Cikinsu akwai Elzada Clover da Lois Jotter, masanan tsirrai daga Jami'ar Mishigan. Jaridu sun yi ta hasashen cewa mata ba za su fito da rai ba. Sun fito bayan kwana 43, su ne mata na farko da suka ratsa shi daga farko har ƙarshe, ɗauke da tarin tsirran da suka zama ma'aunin abin da ke tsirowa a bakin kogin kafin a datse shi. Kuma a duk tsawon tafiyar su ne ke yi wa mazan girki. Daga Powell zuwa 1949, shekara 80 cur, waɗanda suka bi Grand Canyon ta ruwa ba su wuce ɗari ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe ƙofa. Da aka gama shi, sojan Amurka ya rage da tarin jiragen roba da manyan tayoyin iska da ake ɗora gadar wucin gadi a kai, ana sayar da su da arha. Jirgin katako idan ya daki dutse fashewa yake yi. Na roba lanƙwasawa yake ya wuce, ga shi yana ɗaukar mutane da yawa. Iyalin Bus Hatch na Vernal suna cikin waɗanda suka fara cin moriyarsa, amma wadda ta fi kowa gane abin da robar nan ke nufi ita ce Georgie White.

Labarinta da baƙin ciki ya fara. A 1944 mota ta kashe 'yarta tilo suna tafiya a keke. Bayan haka ta shiga yawon hamada kamar mai gudun zama wuri ɗaya, har ta kai a 1945 ita da wani abokin tafiya, Harry Aleson, suka faɗa ƙasan kogin daga Diamond Creek babu jirgi, rigar ceto kawai, ruwa ya yi ta wurgi da su har tafkin Mead da ke bayan madatsar Hoover. Wannan kam ganganci ne, ba zan kira shi da wani suna ba. Amma ta rayu ta koya. A 1952 ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgi da hannunta ta ratsa Grand Canyon. Daga nan ta fara ɗaure jiragen roba uku gefe da gefe su zama abu guda mai faɗi da wuyar kifewa, ta kuma haɗa wani babba da tayoyin gada ta sa masa inji a baya. Tafiyarta ta karo-karo ce, kowa ya kawo rabonsa na kuɗin abinci da mai, abincin gwangwani ne, kwana a kan yashi. Tsofaffin matuƙan katako sun raina ta, suna ganin ta zubar da mutuncin sana'a, ta cika kogi da tarkacen mutane. Ni dai ina tare da ita. Kafin Georgie, kogin na masu kuɗi ne da 'yan tsirarun jarumai. Ita ta sa malamar firamare da ma'aikacin gidan waya suka ga cikin kwazazzabon da idonsu, kuma ba da jimawa ba aka buƙaci muryoyin irin waɗannan mutane. Ta ci gaba da tuƙi har ta kai shekara 80, ta rasu a 1992, daga baya aka sa wa wata magangara sunanta.

A 1963 aka rufe ƙofofin madatsar Glen Canyon, kimanin kilomita 25 sama da Lees Ferry. Bango ne na kankare mai tsayin mita 216, tafkin da ya taru a bayansa kuma aka sa masa sunan Powell. Daga ranar kogin ya zama wani kogin. A da ja ne wur saboda laka, yana cika ya tumbatsa idan ƙanƙarar duwatsun Rocky ta narke a farkon bazara, ya janye ya yi ɗumi a ƙarshen lokacin zafi. Yanzu lakar tana kwanciya a gindin tafki, ruwan da ke fitowa daga ƙasan madatsa kore ne garau, mai sanyin da shekaru da dama bai cika yin nisa da digiri 8 ba ko da rana na ƙona dutse. Yawansa kuma ba damina ke yanke shi ba, bukatar lantarki ce a birane irin Phoenix. Idan aka kunna na'urorin sanyaya ɗaki da rana sai a saki ruwa, da dare a rage. Matuƙa suka koyi lissafin awa nawa wannan tashi da sauka ke ɗauka kafin ya iso zangonsu, don kada su farka su tarar da jirgi a kan busasshen yashi. Tudun yashin da ake kwana a kai suka fara zaizayewa tun da babu ambaliyar da za ta sake gina su. Kifayen asali da suka saba da ruwan ɗumi mai laka suka ragu ƙwarai.

Gaskiyar da ba kowane mai tallar wannan wasa ke son faɗa ba ita ce madatsar ta taimaki kasuwarsu. Kogin da aka san yawan ruwansa tun watanni kafin tafiya, shi ne kogin da za a iya sayar da tikitinsa. A 1965 mutum ƙasa da 600 suka bi shi. A 1967 Sanata Robert Kennedy ya zo da iyalinsa, jaridu suka baza hotuna. A 1972 adadin ya haura 16,000.

Amma a daidai wannan lokaci ne mutanen kogin suka biya bashin da ke kansu. Hukumar gina madatsu ta gwamnatin tarayya ta shirya ƙara biyu a cikin kwazazzabon kansa, ɗaya a Marble Canyon, ɗaya a Bridge Canyon, don a sayar da lantarki a biya kuɗin jan ruwa zuwa tsakiyar Arizona. Da an yi su, da Lava Falls da magangara masu yawa suna ƙarƙashin tafki. Martin Litton, ɗan jarida kuma matuƙin jirgin katako, shi ya matsa wa ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club da shugabanta David Brower cewa kada a yarda da sulhu ko kaɗan. Brower na ɗauke da ciwon rashin tsayawa kan Glen Canyon, wurin da ya ce bai san darajarsa ba sai da aka makara. A watan Yuni 1966 suka sayi shafi sukutum a manyan jaridu suna kiran jama'a su rubuta wa majalisa. Washegari hukumar haraji ta yi barazanar janye wa ƙungiyar rangwamen da take samu, abin da ya ƙara fusata mutane, wasiƙu suka yi ta kwarara. A 1968 aka zartar da dokar ruwan ba tare da madatsun biyu ba. Nasarar ba ta zo kyauta ba. A maimakonsu aka gina tashar lantarki mai ƙona kwal kusa da garin Page, aka yi ta haƙar kwal ɗin a ƙasar Navajo da Hopi, hayaƙinta na turnuƙe sararin yankin har aka rufe ta a 2019. Kogin ya tsira, wasu suka ɗauki nauyin.

Cunkoso ya kawo nasa ciwon. A farkon shekarun 1970 zangunan kwana sun cika da toka da shara da ƙazantar mutane. Hukumar gandun dajin da ke kula da kwazazzabon ta tsayar da adadi a matakin 1972, ta kafa dokokin da ake bi har yau: wuta a cikin faranti na ƙarfe, toka a kwashe, bayan gida a cikin akwatin ƙarfe mai murfi da ake ɗauka a fita da shi. Masu son tuƙa jirginsu da kansu suka shiga layin jira da ya kai shekara 20 da ɗoriya, sai a 2006 aka mai da shi ƙuri'a. Ƙabilar Hualapai, wadda ƙasarta ta bi bakin kogin fiye da kilomita 170, ta kafa nata kamfanin tuƙi tun 1973, kuma duk mai fita ta Diamond Creek a ƙasarsu yake taka ƙafa, su yake biya.

Kogin bai taɓa miƙa wuya gaba ɗaya ba. Kusan duk magangara a Grand Canyon tana bakin wata ƙorama ce ta gefe, domin ruwan sama mai ƙarfi ne ke turo duwatsu da laka daga can su toshe rabin kogi. A watan Disamba 1966 haka ta faru a ƙoramar Crystal, wurin da a da ba a damu da shi ba ya wayi gari cikin mafiya haɗari. A watan Yuni 1983 kuma ƙanƙara ta narke fiye da lissafi, tafkin Powell ya cika maƙil, ramukan fitar da rarar ruwa suka fara ɓarkewa daga ciki, injiniyoyi suka koma kafa falankin katako a saman ƙofofi don su riƙe tafkin. An saki ruwan da ba a ga irinsa ba tun rufe madatsar. A Crystal wani rami ya buɗe da ke kifar da manyan jirage masu inji, fasinja ɗaya ya rasa ransa. Cikin wannan ambaliya ne matuƙa uku, Kenton Grua da Rudi Petschek da Steve Reynolds, suka tura ƙaramin jirgin katako mai suna Emerald Mile cikin dare. Crystal ta kifar da su, suka miƙar da jirgin suka ci gaba, suka gama kilomita 446 cikin awa 36 da minti 38, tafiyar da masu filafili kan yi a mako biyu zuwa uku.

Daga wannan kogi sana'ar ta bazu. Richard Bangs, wanda ya koyi tuƙi a Grand Canyon, ya kafa kamfanin Sobek da abokansa, suka bi Awash da Omo a Habasha a 1973, suka buɗe Zambezi a ƙasan magangarar Victoria a 1981. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara a kan Nilu kusa da Jinja a Yuganda. Kuma duk inda ta je, rigimar da ta baro a Arizona tana biye da ita, domin gangaren da ke sa ruwa kumfa shi ne gangaren da injiniya ke nema. Magangarar Bujagali ta nutse a bayan madatsar da aka kammala a 2012, ana kuma ta maganar datse kwazazzabon Batoka a Zambezi. Mu ma mun san wannan ciniki. Duwatsun Bussa a kan Kwara, inda tafiyar Bature mai bincike Mungo Park ta ƙare a 1806, suna ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968, tare da tsohon garin da gonakin dubun-dubatar mutane. Ba zan ce ƙasa mai duhu ta ƙi lantarki saboda masu yawon buɗe ido ba. Abin da ke damuna shi ne sanin da matuƙan wurin suka gada, wane dutse ake bi ta dama, wane ake jira sai ruwa ya ja, ya nutse tare da duwatsun.

Powell, bayan ya bar tuƙi, ya shafe shekaru yana gargaɗin cewa ruwan yammacin Amurka ba zai ishi duk gonakin da ake mafarki ba. Ya rubuta hakan a rahotonsa na 1878, a 1893 kuma ya faɗa wa taron masu noman rani a Los Angeles suka yi masa ihu. Yau kimanin mutum miliyan 40 ke dogara da Kolorado, kuma a yawancin shekaru ba ya kaiwa teku. Fari da aka shiga tun 2000 ya janye tafkin da ke ɗauke da sunansa, har a farkon 2023 bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na cikarsa ba. A can sama, a kwazazzabon Cataract, inda wutsiyar tafkin ta binne magangara masu yawa cikin laka, kogin ya fara yanka lakar yana kwashewa. Matuƙan garin Moab suna tafiya da tsofaffin hotuna na kafin 1963, suna gwada su da duwatsun da ke fitowa, suna mayar wa kowace magangara sunanta na da. Waɗanda suka san hanyar cikinsu kusan duk sun rasu, don haka jikokinsu a sana'a kan ɗaure jirgi su hau gaɓar laka su duba, kowace shekara kuma sai sun sake dubawa, domin ruwan bai gama tono ba.